Saura Mutum Ɗaya

Zuwa ga ɗana Bashiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma roƙon Allah wagga takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, cikinka ya saba da ruwan Abuja, sabon aikin kuma bai fi ƙarfinka ba. Allah ya tsare mini kai a fitarka da shigarka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kau da mugu daga hanyarka. Ka gaishe mini da yayarka Hadiza da maigidanta da yara. Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba, kana jin shi a waya.

Na san abin da za ka ce: "Inna, ga waya, mene ne kuma na takarda?" To, ai wayar ce matsalar. Da na buɗe baki sai ka shiga "To Inna, to Inna, na ji," alhali ba ka ji komai ba, so kake in gama ka ajiye. Takarda kuwa ba a ce mata to Inna. Na sa ta a leda na cusa ƙarƙashin tarwaɗar da ke cikin kwalin nan. In ta yi ƙarni ka yi haƙuri, ƙarnin nan ne ya kai ka makaranta. Kuma ka lura da wanda ya kawo maka ita, direban motar haya ne daga tashar Yelwa.

Maganar jirgin babanka ce. Tun ranar da ka bugo ka ce a sayar da shi ka sayi mota, abinci bai yi mini daɗi ba. Baffanka Sahabi, shi da ke tuƙa jirgin tun rasuwar babanka, ya zo ya zauna a zaure jiki a sanyaye, ya ce ya samo mai saye kamar yadda ka ce. Wani mutum ne daga Malale, ranar kasuwa mai zuwa zai zo ya gani. Yashi zai riƙa ɗauka da shi. Yashi, Bashiru! Jirgin da ke kai mutanen tungayen nan kasuwa da asibiti. Ban ce zan hana ka ba. Gadonka ne. Da aka yi rabo 'yan'uwanka mata suka sami gida da fadama, kai jirgi ya faɗo maka, ba mai ce maka don me. Amma ni na haife ka, sai ka daure ka saurare ni har in kai ƙarshe.

Ka ce abokan aikinka kowa da motarsa, kai kuma kana isa ofis riga ta yamutse, gumi ya jiƙa ta. Ka ce wani ya tambaye ka ko a ƙafa ka tako daga Mararaba, aka yi dariya. Wannan dariyar na san ta, ɗana. Ni ma an yi mini ita, kuma ita ta sa ni wautar da har yau gawarta ke bayan gidanmu, kaji na ƙwai a ciki.

Ka tashi ka ga gawar motar nan, kun yi wasan tuƙi a cikinta kai da 'yan'uwanka, amma ba ka taɓa tambayar yadda aka yi ta zo ba. Ni na jawo ta. Lokacin ina da Hadiza da Saratu, kai ko labarinka babu. Aka yi wani biki a Yelwa, na ci ado, na sha turare, na shiga jirgi tare da matan tungarmu. Ka san jirgin ranar kasuwa, ba yadda za ka yi ka zauna nesa da kwandon kifi. Da muka isa gidan biki na tsuguna ina gaida wata matar ma'aikaci da aka sauke a mota, sai ta ja gyale ta rufe hanci ta ce, "Kai, yau an kawo mana tafki har cikin ɗaki." Mata suka kwashe da dariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko abincin bikin ban iya ci ba.

Da na dawo na hana babanka sakat. Safe mota, rana mota, in ya zauna cin tuwo mota. Ya ce, "Kulu, ga ruwa a ƙofar gida, ga jirgi, mota ta mi?" Na ce ai jirgin za a sayar. Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya dube ni, ya ce, "Ki ce in sayar da hannuna dai." Amma mutumin nan ba ya son ganin ɓacin raina, Allah ya jiƙansa. Ya kaɗa shanun huɗarsa ya kai kasuwa, ya dawo mana da tsohuwar mota ruwan toka.

Ka san abin haushi? Matar nan da ta rufe hanci, bayan wasu shekaru ta tsaya gaban kwandona a kasuwa tana yaba kifina, tana cewa ba na biyunsa a Yelwa. Na tuna mata maganar biki, ta buɗe baki ta ce, "Ni? Yaushe?" Ba ta ma san ta faɗa ba! Ni kuwa na rabu da shanu a kan maganar da mai ita ta manta kafin a tashi daga biki. Don haka wanda ya yi maka dariya a ofis, kafin la'asar ya manta, yana can yana tunanin man da zai zuba gobe. Kada ka sayar da jirgi don ka rufe bakin mutumin da bai san ya buɗe ba. In riga ce damuwarka, ninke ta ka sa a jaka, ka sa wata a hanya, in ka isa ka canza. Ka kuma riƙa fita da wuri.

Bari in ba ka dariya, don na ga takardar ta fara nauyi. Babanka ya ce shi zai tuƙa motarsa da kansa, mutumin da ke ratsa tafki iska na kaɗawa, ƙarfe mai ƙafa huɗu ne zai gagare shi? Aka nuna masa giya, aka nuna masa birki, ya ce ya gane. To kai ka san jirgi, in kana so ya yi dama, hagu kake tura hannun inji. Hannun babanka kuwa ya riga ya saba. Muka taho daga bakin hanya, ni a baya na kame, yara na bin mu da gudu suna ihu. Da muka kusa gida sai ya kashe inji, kamar yadda yake yi in zai sauka gaɓa, wai mota ta ƙarasa da kanta a hankali. Ta ƙi yin hankali. Na ce, "Malam, dama! Dama!" Ya murɗa hagu da ƙarfinsa. Sai ga mu cikin rumbun maƙwabcinmu, gero na zuba a kan gilashi. Mai rumbu ya fito da gudu yana salati, babanka ya leƙo da kai ya ce, "Yi haƙuri, ba ta jin magana." Daga ranar bai sake taɓa sitiyari ba, Baffanka Sahabi ya zama direba. Har ya bar duniya, in aka so a tsokane shi sai a ce, "Mai Jirgi, dama!"

Ni kuwa ban daddara ba. Ranar kasuwa mata na gangarawa gaɓa, ni sai in shige mota da kwandunana, in ɗaga musu hannu. Ba a jima ba motar ta fi jirgin ƙarni, don jirgi iska na ratsa shi. Ban damu ba, tunda ina riga kowa isa.

Wata ranar kasuwa na isa da sassafe, dillali na farko da ya taya na sallama masa kifina duka, na zauna ina fifita, ina jiran in ga su wance sun iso a gajiye. Jirgi ya iso. Na ga mata sun sauke kwanduna sun zauna a kai, ba wadda ta kwance. Dillalai na zagaya su suna lallashi, su ko kallo. Ashe a hanya wani da suka ɗauka a wata tunga ya gaya musu fataken kudu na tafe da manyan motoci bayan azahar, kuma kifi ya yi ƙaranci. Fatake suka iso, aka yi ta rububi, ni ina zaune da kwando wayam. Na je wurin Ige mai daddawa, ka san ta, tsohuwar nan ta cikin Gungawa, a lokacin da ƙarfinta. Na ce, "Haba Inna Ige, ba wadda za ta gaya mini?" Ta ce, "Ɗiyata, a ina za mu gan ki? A mota wa zai gaya miki, kujera?"

Na kifi mai sauƙi ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Rabi, ƙawata tun muna 'yan mata. Mahaifiyarta ta rasu a wata tunga can ƙetare. A jirgi aka faɗa, a jirgi aka haɗu aka tafi gaisuwa, kowa ya ɗauka wani ya gaya mini. Sai bayan an share makoki na ji. Na je na durƙusa ina ba da haƙuri, Rabi ta ce, "Ba komai, ai kun zama manya." Maganar nan ta daɗe tana suka ta. Mun shirya daga baya, amma sai da aka sha wuya.

Shi ya sa nake ce maka, kai baƙo ne a garin nan, ba ka san kowa ba sai yayarka. In ka kulle kanka a mota daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, shekara za ta zagayo ba ka san Abuja ba, ita ma ba ta san ka ba. A bas za ka ji unguwar da ɗaki ke da sauƙi, da hanyar da aka rufe, da asibitin da ake kula da mutum, da inda ake neman ma'aikata. In ka shiga ka yi sallama, ko ba a amsa ba. Ka tashi wa tsoho da mai ciki. In ka saba fita lokaci ɗaya za ka ga fuskoki ɗaya ne kullum, yau ku gaisa da kai, gobe da baki, jibi in ba a gan ka ba a tambaya. Wannan tambayar nake so a riƙa yi a kanka, Bashiru. Ina so in ka yi zazzaɓi ka kwana biyu ba ka fita ba, a sami wanda zai ce, "Ina yaron nan na Yawuri?"

Kada ka ce Inna ba ta san birni ba. Na sani ɗan daidai gwargwado. Da na zo wa Hadiza wankan jego, maigidanta ya ɗauke ni a motarsa wata safiya zai kai ni a duba mini ido cikin gari. Mun fita daga Mararaba ke nan muka tsaya cik. Motoci gaba, motoci baya, hayaƙi na shiga har maƙogwaro, kowa na danna oda kamar odar ce za ta buɗe hanya. Tunda ba abin yi sai na shiga leƙa motocin mutane. Wagga mutum ɗaya, waccan mutum ɗaya, ta bayanta mutum ɗaya, kowa ya ɗage gilashi ya ɗaure fuska. Na ce, "Ikon Allah! Malam Nasiru, waɗannan duk gaba suke da juna?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Inna, mafi yawansu ma wuri ɗaya za su." Na ce to me ya hana su shiga mota ɗaya? Ya ce haka birni yake. Shi kansa ya gaya mini saboda ni ya fito da motar, sauran ranaku ajiye ta yake ya bi bas, don in ya kai ta cikin gari ma wurin ajiyewa wani aiki ne.

Kusa da mu akwai wata doguwar bas cike da mutane. Ban ce maka ita fiffike gare ta ba, tana cikin cunkoson kamar kowa. Amma na ga wani yana barci abinsa, wata tana karatu, wani dattijo na jan carbi. Ciwon kan hanya direba kaɗai ya ɗauke musu. Na ce a raina, da mutanen bas ɗin nan kowa ya fito da tasa motar, da har yau muna nan. Kai ka tuna gaɓar Yelwa ranar kasuwa. In kowane mutumin tunga ya ce shi a kwale-kwalensa zai zo shi kaɗai, ina za a ɗaure su? Sai dai a wuni ana karo ana zage-zage, kifi ya lalace a ruwa. Abin da na gani ke nan a titinku. Kuma duk wanda ke cikin cunkoson yana tsaki yana cewa motoci sun yi yawa, ya manta tasa ma mota ce. Kai kuma so kake ka sayar da abin da ke ɗaukar tunga guda, ka ƙara musu ɗaya.

Ban manta da ɗaya dalilin naka ba, kuma shi ne ya hana ni barci, don shi ba na wasa ba ne. Ka ce akwai ɓarayin da ake kira wan-cans, su tsaya a gefen titi da mota kamar ta haya, 'yan'uwansu a ciki kamar fasinja, suna kiran saura mutum ɗaya, wanda ya shiga ya shiga hannu. Na tambayi Hadiza ta ce gaskiya ne. Innalillahi. Wannan kam ba zan ce maka kada ka ji tsoro ba, ni ma ina ji. Ga abin da nake so ka riƙe, kuma umarni ne, ba shawara ba. Kada ka shiga motar da ta tsaya maka a gefen hanya, komai saurinka, ko da za a rufe ofis. Ka taka ka je tasha, inda aka san direba aka san mai mota. In akwai babbar bas ka fi son ta, in wurin aikinku na da tasa ka bi ta, in jirgin ƙasa na bin hanyarka ka gwada shi. Kada ka kai dare a waje ba dalili. In ka leƙa mota zuciyarka ba ta kwanta ba, ja da baya, ba wanda ka yi wa alkawari. In direba na gudun hauka ka yi magana, in bai ji ba ka sauka. In an cusa mutane fiye da ƙa'ida kada ka zama cikon su. Mu mutanen bakin ruwa mun san abin da lodi ke jawowa, mun binne mutane saboda shi. Kuma kada ka ɗauka mai motar kansa ya tsira, shi ma ana tare shi, kuma shi kaɗai ake samu.

Amma wallahi abin ya yi mini ciwo, a ce kalmar babanka ce ta zama ta ɓarayi. Kai kana ƙarami ba ka lura ba, bari in gaya maka yadda yake yi da ita. 'Yan kamasho a tasha in sun ce saura mutum ɗaya, yawanci ƙarya ce, so suke ka yi sauri. Shi kuwa babanka sai ya tsaya ya zaunar da kowa, mai nauyi nan, mai kaya can, har jirgi ya daidaita. In ya rage wurin mutum ɗaya tak, a bencin da ke gaban inji, sai ya ɗaga murya ya ce, "Saura mutum ɗaya!" Sai kuma ya ja igiyar inji ya tashi, wurin na nan ba kowa. Baƙin da ba su san shi ba sukan ce, "Mai Jirgi, ka ce saura mutum ɗaya kuma ka tashi?" Sai ya ce, "Yana gaba." Kuma kusan kullum yana gaban. A wata tunga za a ga ana ɗaga zane a gaɓa, ko maciji ya sari wani, ko yaro na suma, ko tsohuwa ce jirgin garinsu ya bari. Ni har faɗa na sha yi masa a kan wurin nan, ina cewa asara ce. Yakan ce, "Kulu, ba ki san wa za a ɗauka ba."

Ka san a jirgi aka haife ka, shi ya sa ake ce maka Ɗanjirgi, sunan da tun kana firamare kake kumbura baki in an kira ka da shi. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi na shiga jirgin.

Damina ce, ranar kasuwa, an kwana ana ruwa. Da safe na ji alamar naƙuda. Haihuwar Saratu ta ba ni wuya, an ce mini ta gaba in zo asibiti. Babanka yana shirin gangarawa gaɓa, ya ce, "Tashi mu tahi, in kai ki Yelwa." Na ce ni? In shiga asibiti daga cikin kwandunan kifi, ga mota a ƙofar gida? Ya ce hanya ba ta da kyau. Na ce Sahabi ya san hanya. Mutane kuma na jiransa a gaɓa. Daga ƙarshe ya ce, "To, Allah ya kiyaye," ya fita. Ka ga taurin kan da kake da shi, kada ka je nemansa wurin dangin babanka.

Ba mu yi nisa ba muka tarar ruwa ya cinye kwalbati. Sahabi ya ce zai zagaya ta gefe, mota ta nutse a laka har ƙofa. Ya tura, ya haƙa, ya sa itace, ita ko gezau. Ciwo kuma ya taso gadan-gadan. Ba gida kusa, ba mota a gaba, ba mota a baya, wa zai fito da mota a wannan hanya in ba ni ba? Nan na san na yi wauta. Na riƙe kujera ina kiran sunan Allah, ina cewa shi ke nan, na kashe kaina na kashe abin da ke cikina saboda hancin wata. Baffanka, Allah ya saka masa, ya ruga cikin gonaki ya samo wani Bafulatani da keken shanu. Suka ɗora ni, suka yanke ta cikin jeji zuwa tungar da ke gaba da tamu. Ka ji, keken shanu, ni da na sa aka sayar da namu shanun.

Muna isa gaɓa muka jiyo ƙarar inji. Sahabi ya tuɓe rigarsa yana kaɗawa yana ihu. Jirgi ya karkato. Cike yake maƙil, sai wuri ɗaya, bencin gaban inji. Aka kama ni aka zaunar. Na kasa ɗaga ido in dubi babanka. Shi kuwa bai ce mini ai na gaya miki ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Abin da ya ce kawai, "Ku riƙe ta da kyau," ya murɗa inji.

Kai kuwa ba ka jira Yelwa ba. Muna tsakiyar ruwa Inna Ige ta duba ni ta ce, "Maza, ku ba mu baya!" Maza suka juya suna kallon ruwa, ba wanda ya tashi don kada jirgi ya karkata. Matan nan da nake ɗaga wa hannu daga cikin mota, su suka kwance zannuwansu na sama suka yi mini labule. Rabi, wadda a lokacin ko gaisuwar kirki ba ma yi, ita ta tallafe kaina a cinyarta tana cewa, "Daure Kulu, daure 'yar'uwa." Wata ta miƙo sabuwar reza daga cikin kayan tallarta, wata ta tsinke zare daga bakin zanenta. Ige ta karɓe ka. Da ka tsala kuka jirgi duka ya ɗauki kabbara, wata ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tafki. Babanka bai iya sakin hannun inji ba, bai kuma iya juyowa ba. Rabi ta ce ta ga hawaye na bin gemunsa, yana tuƙi yana hamdala.

Da muka isa Yelwa, sarkin jirgi na tsaye a gaɓa yana duba masu sauka kamar yadda ya saba. Labari ya riga mu sauka. Ya ce, "Mai Jirgi, kai da ba ka lodi, yau na kama ka, mutum ɗaya ya yi yawa." Babanka ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga ban ɗauke shi a gaɓa ba, a hanya ya shigo." Har ya rasu yana faɗa, duk tsawon tuƙinsa sau ɗaya ya taɓa wuce ƙa'ida, kuma kai ne. Motar kuwa sai da rani aka jawo ta da shanun aro, aka ajiye ta inda ka gan ta. Ban sake tambayar ta ba.

To ka ji. Ban ce mota haramun ce ba. In Allah ya buɗa maka nan gaba, ka yi iyali, ka saya da guminka don larura, zan sa albarka, har in shiga ka kai ni Birnin Yawuri in gaida dangi. Ko a lokacin ma zan ce ranar aiki ka ajiye ta ka bi jama'a, in kuma ka fito da ita kada ka tafi kai kaɗai kujeru na hamma. Amma ka sayar da jirgin da mata suka yi maka labule a cikinsa, a mai da shi na yashi, don ka je ka zauna kai kaɗai a cunkoso kana danna oda, wannan kam zuciyata ta ƙi. In ya tafi, ban san wanda zai tsaya wa mai ɗaga zane a gaɓa ba. Sauran jiragen sai sun cika har baki suke tashi. Kuma ka tuna, hanyarmu har yau tana nan yadda take. In ka zo hutu da damina, kowace irin mota ka zo da ita a Yelwa za ka bar ta, ruwa ne zai kawo ka gida.

Ranar kasuwar da ta wuce na shiga jirgi zan kai wannan kwalin tasha. Baffanka bai canza komai ba, ya zaunar da kowa, ya bar bencin gaban inji, ya ɗaga murya ya ce, "Saura mutum ɗaya!" Wani baƙo ya ce, "To ina yake?" Kafin Sahabi ya buɗe baki, Inna Ige, da yanzu sai an riƙe ta take shiga jirgi, ta ce, "Yana Abuja." Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, na juya ina kallon ruwa har muka wuce tungar da aka ɗauke ni. Shi ya sa na fasa ba da kwalin ranar, na dawo da shi gida, na zauna na rubuta maka wannan, zan aika da shi ya riske ka kafin kasuwa ta zagayo.

Mutumin Malale zai zo ranar kasuwa. Na ce wa Baffanka kada ya amsa masa komai sai ya ji daga bakinka. Zan zauna a gaɓa da wayata a hannu. Abin da ka ce shi za a yi, kuma ko me ka ce, kai ɗana ne, ba abin da zai rage ka a wurina. Amma in ka bugo, don Allah kada ka ce mini "To Inna." Ka gaya mini ka karanta har nan.

Ka ci kifin nan da wuri, ka ba yayarka rabi, kada ka ɓoye. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi addu'ar shiga abin hawa duk sanda za ka shiga, ka kuma sa babanka a ciki. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, kai da duk wanda kuka zauna kujera ɗaya. Allah ya tsare direbanku, ya tsare hanya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya yi maka albarka, Ɗanjirgina. Wurinka na nan, ba wanda ya zauna.

Wassalam.

Innarka,
Kulu